Kumfar Tafkin Van Etten, da Rigimar "Har Abada"

Baban Amira: Jama'a, raina ya ɓaci. Na ga hotunan tafkin Van Etten da ke Oscoda a jihar Michigan ta Amurka. Kumfa ce fara fat ta taru a gaɓa, mai danƙo kamar ta aski, ga gidajen mutane a gefe. Sansanin sojin sama na Wurtsmith tun 1993 aka rufe shi, amma kumfar kashe gobarar da aka yi shekaru ana atisaye da ita ta nutse cikin ƙasa, ta biyo ruwa har tafkin. Sinadaran PFAS ne, wato wasu sinadaran masana'antu da ke cikin kumfar kashe gobarar, suna kwance cikin laka, suna taruwa a jikin kifi. A 2012 aka gargaɗi mutane kada su ci kifin fadamar Clark's Marsh, a 2018 aka haɗa da naman barewar yankin. Guba ce ta har abada!

Malam Na Zaure: Baban Amira, gyara kalamanka. Babu mai dawwama sai Allah.

Maman Sadiq: Allah gafarta Malam, laƙabi ne aka yi musu. Ƙullin kabon da fulorin da ke cikinsu ne rana da ƙwayoyin cuta ba sa iya warwarewa. PFOS, ɗaya daga cikin sinadaran, in ya shiga jini sai an yi shekaru kafin rabinsa ya fita.

Ɗan Damagaram: To kin ce shekaru da bakinki. Shekaru ai ba abada ba ne.

Maman Sadiq: Kai ko jiya ka rubuta "ba zan ƙara magana a nan ba har abada", ga ka nan.

Ɗan Damagaram: Saboda an goge mini saƙo ne, na 'yan Kano kuwa ba a taɓa shi.

Baban Amira: Don Allah ku dawo kan ruwan. Kamfanin 3M, wanda ya yi ta sarrafa irin waɗannan sinadarai, a 2023 ya amince zai biya dala biliyan 10.3 ga masu samar da ruwan sha. Banza aka biya?

Malam Na Zaure: Ko nawa za su biya, kalmar dai kuskure ce.

Ɗan Damagaram: Malam ya gama magana.

Shugaban Zaure: Na bi muhawarar duka. Malam ya yi gyara mai kyau, mafi yawa sun yarda kalmar ba ta dace ba. Maman Sadiq ta kawo bayani, sai dai ta taɓa mutunci. Baban Amira, ka sauya zuwa "mai daɗewa" ka sake turowa gobe. Maganar goge saƙo kuma a same ni ta waya.