Ina son kawo dajin Yankari cikin ajinmu, ku ba ni shawara

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Bauchi. Makon jiya na ce yarana su zana mini namun daji, sai ga kangaru da wasu dabbobin ƙasashen ƙanƙara, duk an kwafo daga littafi. Da na ambaci gwanki, yara biyu kacal suka taɓa jin sunan. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yankari fa a jiharmu take, nan Alkaleri, tun 1956 aka keɓe ta, amma 'ya'yanmu sun fi sanin dajin wasu.

Shi ne na ƙuduri aniyar mu gina ɗan ƙaramin daji na kwaikwayo a kan wani tsohon ƙyaure da na samu a sito, mu jingina shi da bangon bayan aji, sannan mu yi zane a bangon yadda dajin zai zama kamar ya ci gaba. Mun fara gwadawa, ba mu ji daɗi ba. Giwayen da muka gina da yumɓu duk sun tsattsage, ƙafafu sun karye, sitacin da muka manna ciyawa da shi kuma kyankyasai sun lashe shi cikin kwana uku. Yarinyar da ta gina babbar giwar har kuka ta yi. Me zan gyara? Wane fenti ne zai zauna a bango? Kuma yara sun nace sai an sa raƙumin dawa da jakin dawa.

Ɗan Alkaleri:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Waɗannan biyun dai a bar su, babu su a Yankari. Na jihar Bauchi suna gandun Sumu, daga Namibiya aka kawo su. Raƙuman dawan da suka rage a sake a yankinmu na Afirka ta Yamma galibinsu suna Kure, kusa da Yamai a Nijar. Abin da za ki sa: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza a bakin ruwa, dorina da kada, gadu da jelarsa a sama, sai gwaggon biri birjik wajen sansanin Wikki, masaukin baƙi na Yankari.

Ki zaɓi lokacin rani. Daga Disamba zuwa Afrilu ruwa kan ƙafe a ko'ina, dabbobi su tattaro bakin Kogin Gaji, to kin ga kina da dalilin tara su wuri guda, yara kuma za su gane me ya kawo su. Ciyawa ta zama busasshiyar gamba, kore sai a gaɓar kogi. Kada ki manta da suri. Ruwan Wikki kuwa kar a shafa masa shuɗi mai kauri: garau yake, ana hango yashin ƙasa, daga gindin dutse yake fitowa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Ki zuba farin yashi ki rufe da leda mai haske.

Mai Fenti:
Malama, fara duba bangon. In yana jiƙa da damina, a nemi wani, don ko me kika shafa zai ɓare. A kankare, a wanke, a sa farin fentin ruwa hannu biyu. Ki zana hoton a takarda, ki raba shi gida-gida, ki ja irin gidajen a bango da alli, kowane yaro ya ɗauki nasa. Sama tukuna, sai bishiyoyin nesa da launi mara ƙarfi, dabbobi a ƙarshe. Fentin mai yana da wari kuma sai da kananzir ake wanke shi, ban so wa yara.

Inna Mai Ritaya:
'Yata, yumɓu zalla dole ya tsage. A cuɗa shi da buntun shinkafa, a soka tsinken tsintsiya cikin ƙafafun, a shanya a inuwa. A maimakon sitaci ki jiƙa ƙaro. Ɓargon kara ma, wanda yara ke ƙera mota da shi, yana yin ƙahon gwanki da kututturen giginya sosai.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kafin ki ci gaba, ki zauna da hedimasta da kwamitin iyaye. Akwai iyayen da ba su yarda da gina surar mai rai ba, kuma da gaske suke. A zamaninmu mun taɓa kammala irin wannan aiki aka sa muka kwashe. In an samu saɓani, sawun dabbobi a kan laka, da bishiyoyi da kogi, su ma suna koyar da yaro abu mai yawa.

Malamar Aji Biyar:
Na gode, Inna, gobe zan ga hedimasta. Batun sawu ya shige ni: kakan wani yarona tsohon maharbi ne, zan roƙe shi ya zo ya nuna mana bambancin sawun ɓauna da na gwanki. Malam Mai Fenti, bangon ya kai taku takwas a tsawo, galan nawa zan saya?