Wa ya taɓa sauya salansar tsohuwar mota don muryarta ta yi kauri?

Mai 300E: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Mercedes 300E ta 1990, mai injin M103, silinda shida a jere, lita uku. Tukunyar salansar baya ta ruɓe har hayaki na fita ta gefe, dole dai a canza ta. Tunda za a taɓa wurin, sai raina ya biya in ba motar murya. Ba ihu nake so ba. So nake in na tayar da ita in ji ƙugi mai kauri, in na hau titi kuma in iya hira da na gefena. Mai waldana ya ce a yanke komai a sa miƙaƙƙen bututu tun daga inji har baya, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi a motarsa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka yarda. Na sayi Golf 3 mai silinda huɗu a haka, wanda ya sayar mini ya riga ya cire tukwanen salansa biyu, ta tsakiya da ta baya. In tana tsaye sautin ba laifi. Da ka taka totur sai ta kama wata ƙara mai kaifi kamar ana yaga atamfa, babu kauri ko kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne tafiya mai nisa. Da allurar da ke nuna juyin inji ta zauna tsakanin juyi 2,500 da 3,000 a minti, sai wani amo ya cika motar, ka ji shi a kunne, ka ji shi a ƙirji, gilashin baya ma har rawa yake. Yara sun daina yarda su zauna a baya. Da na mayar da tukunyar tsakiya, kaifin ya tafi, amon ya ragu sosai.

Malam Bakanike: Baban Sadiya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da dalili. Mutane na haɗa ƙara da kauri, alhali kowanne hanyarsa daban. Ƙara ba ta da wuya, ka huda salansa ma za ka samu. Kauri kuwa sai an tace, wato a kashe siraran sautuka a bar masu nauyi su wuce, kuma aikin tukunyar tsakiya ke nan. Shi ya sa in mutum ya zo mini da wannan buƙata, ta baya kawai nake taɓawa.

Tukunyar baya iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna a ciki, hayaki na karo da bango yana zagayawa kafin ya fita, irin wadda aka san kamfanin Flowmaster da ita. Akwai kuma wadda bututu mai hudoji ya ratsa ta kai tsaye, aka nannaɗe shi da zaren gilas, irin ta kamfanin Magnaflow. A injin silinda shida a jere na fi son ta biyun, muryarta ta fi santsi, kuma in ka samu mai dogon jiki ta fi kauri da natsuwa.

Amon da ya dami Baban Sadiya ma yana da lissafi. Injin silinda huɗu a juyi 3,000 yana buga wuta sau 100 a daƙiƙa. Mai silinda shida a juyi 2,000 yake kai wannan adadin. Sauti mai irin wannan nauyi shi ne ke cika cikin mota ya ƙi fita. Don haka Mai 300E, ka lura da inda allurarka ke zama a tafiyar da ka fi yi, nan za ka kasa kunne ranar gwaji. Kuma kada ka sa ran muryar V8 ta Amurka, wato injin silinda takwas. Wancan gurnanin daga yadda wutar ke tashi ba daidai ba a ɓangarori biyu na injin yake fitowa, babu tukunyar da za ta ba silinda shida shi.

Ɗan Autan E36: Ni dai a BMW 328i ɗina na sa bututu mai faɗin inci uku, wallahi ji nake motar ta ƙara ƙarfi.

Malam Bakanike: Ƙanena, kunne ne ke ba ka labari. Injin da ba shi da tobo, in bututu ya yi masa faɗi, hayaki na rage gudu a ciki, ba ya jan na bayansa yadda ya kamata, sai motar ta yi nauyin tashi a ƙananan juyi. Lita 2.8 irin taka, in bututu ɗaya ne, inci biyu da rabi ya wadatar. Ka gwada ta a hawa da giya ta huɗu ka gani.

Ɗan Autan E36: To Yaya, zan gwada. Amma in juyi ya yi sama dai na tabbata ta fi da sakewa.

Maman Hanif: Ni abin da ya same ni ta wajen indomi ne, matatar hayakin nan da ke kusa da inji. Na kai Accord ɗina ta 1998 a sauya mata tukunyar baya. Bayan an gama sai fitilar inji ta kama, ga wani wari mai hawa kai duk lokacin da na tsaya a cunkoso. Da aka jona kwamfuta ta nuna P0420, lambar da ke nuna indomi ba ya aiki yadda ya kamata, aka duba, ashe an fasa indomin an kwashe cikinsa an mayar da gwangwanin. Akwai ƙarafa masu daraja a ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake kwaɗayinsa. Yayana, taka ta 1990 ba ta da sansa ta biyu a bayan indomi, ba fitilar da za ta tona asiri, hancinka ne kawai zai gaya maka. Ka tsaya a kan aikin da kanka. Kuma cire shi ba ya ƙara kauri, kaifi yake ƙarawa, ga hayakin da na bayanka zai shaƙa.

Alhaji Mai 505: Shekara da shekaru ina tare da Peugeot 505, kuma ni ma na ba ta murya, tukunyar baya kaɗai na canza. Abu biyu zan ƙara. Sautin ranar farko ba shi ne na dindindin ba, bayan 'yan makonni zaren ciki kan zauna, muryar ta ƙara buɗewa. In ranar da aka ɗaura ka ji ta kai maƙura, to nan gaba za ta wuce abin da kake so.

Na biyun ya fi muhimmanci a wurina. Wani lokaci na riƙa fama da ciwon kai da kasala duk sa'ad da na yi doguwar tafiya da gilasai a rufe. Ashe robar da ke rataye salansa ce ta tsinke, nauyin sabuwar tukunya ya tsaga walda a ƙarƙashin kujera, hayaki na shigowa ta ƙasan motar da tsatsa ta ci. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. 'Ya'yana, tsohuwar mota a sa mata sababbin robobi da gaskit, bakin bututu kuma ya fito har ya wuce bamba. Sannan ku tuna da maƙwabci mai jinya ko mai jariri in za ku fita da asuba.

Mai 300E: Allah ya saka da alheri, Baba. Na tsayar da shawara: indomi da ta tsakiya za su zauna, ta baya zan canza da doguwa mai zaren gilas. Malam, wane ƙarfe zan nema, kuma walda za a yi ko ɗauri?

Malam Bakanike: In da hali ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304. Mai lamba 409 yakan yi ja a waje amma yana jimawa bai hude ba. Ƙarfe na gama-gari shi ne ke saurin ruɓewa daga ciki, musamman a motar da ke gajerun tafiye-tafiye, don ruwan da ke taruwa a tukunya ba ya samun zafin da zai ƙone shi. Ka sa a ɗaure da kilam, wato zoben ƙarfe mai noti, tukuna, ka yi mako biyu kana saurare. In amo ya fito a juyin da kake tafiya, akwai magani: a manna wani bututu mai rufaffen baki a gefe, tsawonsa kusan mita guda, sauti ya shiga ya dawo ya kashe ɗan uwansa. A yi shi mai zamewa don a iya ƙara tsawo ko ragewa, sai an dace sannan a yi walda.