Injin da ke mayar da dutse yashi: da gaske ne?

Mai Bulo, Kano:
Salamu alaikum jama'a. Bulo nake bugawa, kuma duk damina sai yashin rafi ya yi tsada, wanda tifa za ta kawo ma rabinsa laka. An ce min yanzu akwai injin da ke niƙa dutse ya zama yashi. Shin garin dutsen da muka sani ne aka sauya wa suna? In kuwa daban ne, mutum irina zai iya mallakarsa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Daban ne. Garin dutse ragowa ne da ke faɗowa ƙasan rariya bayan an fitar da tsakuwa, ƙwayoyinsa fale-fale ne, ga ƙura, shi ya sa yake shan ruwa da siminti.

Fasa dutse hawa-hawa ne. Na farko injin mai muƙamuƙi, wanda Eli Whitney Blake ya ƙera a Amurka a 1858, har yau kuma shi ke karɓar manyan duwatsu. Sai mai mazugi ya rage su. Wanda kake tambaya, wanda ake kira VSI, shi ne na uku, kuma ba matse dutse yake ba. Faifai ne ke juyawa da gudu a cikinsa, yana wurga tsakuwa ta bugi 'yar uwarta, gefe-gefen su karye, ƙwayar ta fito dunƙulalliya. Wani samfurinsa mai suna Barmac a ƙasar Niyu Zilan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Ka damƙi yashinsa a hannu ka murza, za ka ji shi ɓarje-ɓarje, ba ya manne wa tafinka.

Baban Hafsat:
Na yi aiki a wurin fasa dutse a Mpape, Abuja. Alhaji, don Allah kada ka saya. Dutsenmu na nan mai tauri ne, cin ƙarfe yake. Bakin faifan nan yana cinyewa, kuma daga waje ake kawo shi. Ga shi ba ya aiki shi kaɗai, sai da injina biyu a gabansa, da bel, da rariya, da janareta mai shan man gas kamar rijiya. Ko na zamani masu tafiya a kan sarƙa, irin Lokotrack da kamfanin Lokomo na ƙasar Finland ya fara a 1985, na manyan 'yan kwangilar titi ne. Ba a maganar lasisi ma tukuna. Ka nemi masu injin ka sayi yashinsa tifa ɗaya, ka buga bulo ɗari ka gwada.

Maman Abba:
Ni ƙurar ce damuwata. Ƙanena a wannan aikin ya samu ciwon huhu, kuma likita ya ce ba ya warkewa. Duk inda za ka saya, Alhaji, ka duba ko suna fesa ruwa a bakin injin, ko yaran na da abin rufe hanci.

Mai Bulo, Kano:
Allah ya ba shi sauƙi, Hajiya. Na gode ƙwarai. Injiniya, sai an wanke yashin kafin a kwaɓa, ko haka ake zuba shi?