Allon saƙo da sif ɗin kaya: me ke ɗorewa, me ke lalacewa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riga suka yi: gida mai yara 'yan makaranta, ana son allon rubuta saƙo, ana kuma shirin ba kafinta aikin sif. Ina ya fi dacewa a kafa allon, me ake rubutawa, kuma wane awo za a ba kafinta? A taimaka kafin damina ta sauka.

Malam Kafinta:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Fara da zurfi, don nan ake tafka kuskure. Ɓangaren rataya ya zama inci 24 daga gaba zuwa baya. Hangar manya tana kai inci 17 zuwa 18, in an ɗora mata riga ta ƙara faɗi. Masu son rage katako sukan yi inci 18 ko 20, sai ƙofa ta riƙa danne hannun riga, ko ta ƙi rufuwa.

Ƙarfen rataya na jallabiya, abaya da dogon kaftani ya bar ƙafa biyar da rabi a ƙarƙashinsa. Na yunifom ɗin yara ƙafa uku ya isa, har ana iya jera biyu, sama da ƙasa.

Kanta kuma kada faɗinta ya wuce inci 30 ba tare da an tokare tsakiya ba, ko da katakon mai kaurin kwata uku na inci ne. Atamfa da shadda nauyi gare su. Turmi ashirin a kan doguwar kanta, kafin shekara ta yi ciki kamar kwale-kwale. Tsakanin kanta da kanta inci 12 zuwa 14. In ya fi haka tarin kaya yana yin tsayi ya rushe duk lokacin da aka zaro na ƙasa.

Batun katako: MDF yana da kyan fuska, amma garin katako ne aka matse da gam. Ruwan mofa ya taɓa gindinsa sau da yawa, ya kumbura, kuma ba ya komawa. Sukurun hinji ma yana kwancewa a jikinsa. In kuɗi ya isa a yi da filawud, in bai isa ba a ɗora sif ɗin kan ƙafafu masu tsayin inci huɗu. A kuma ɗaure samansa da bango da ƙarfe biyu, saboda yara suna maida durowa matakala.

Hajiya Babba:
Malam ya gama magana a kan awo. Abin da zan ƙara, 'yata, kada ki bari a cika miki sif da wurin rataya. Irin na kasuwa an tsara su ne don kwat da shat, mu kuwa yawancin kayanmu na ninki ne: zani, ɗankwali, mayafi, leshi. Babbar riga ma ninke ta ake yi, in an rataye ta nauyin aikin wuya yana jan kafaɗa. Kashi biyu cikin uku kantoci, kashi ɗaya rataya.

Kowane ɗinki a ninke shi da ɗankwalinsa a ciki, kada a ware musu wuri daban. Kayan yau da kullum tsakanin ƙugu da ido, na biki a sama, barguna da rigunan sanyi a akwatin lefe can bisa sif. Kwalaben humra da turare kuwa a kwanon roba a kantar ƙasa. Humra mai ce, ta tsiyaya a kan farar shadda an yi asara.

Anti Malama:
Na allo, Maman Biyu. Wurin kafawa ya fi komai. Falo bai dace ba, baƙi za su karanta muku sirri. Cikin kicin kusa da murhu ma a'a, maiƙo yana hawa farin allo, maka, wato alƙalamin rubutu a farin allo, ta daina kamawa. Bangon da ke tsakanin kicin da ƙofar fita shi ne daidai, inda kowa ke ratsawa da safe. Allo mai ƙafa biyu a gefe ɗaya, ƙafa uku a ɗayan, ya wadatar, gindinsa daidai ƙirjin ɗan firamare don shi ma ya iya rubutu.

A raba shi uku da fenti ko salatif, kada da maka, don layin ya tsaya. Gefe ɗaya abin da ya ƙare: omo, ashana, magi. Dokar ita ce wanda ya buɗe na ƙarshe shi ke rubutawa. In aka jira sai ya ƙare, an makara. Tsakiya abubuwan mako: ranar wasanni, hadda a Islamiyya, ranar awo ko rigakafi. Gefe na uku kwanan wata: ranar da aka cika gas, da yunit ɗin mita duk Juma'a. Tukunya mai kilo 12.5, in an rubuta ranar cikawa sau uku, kin san kwana nawa take yi a gidanki, ba za ta yanke miki ana tsakiyar tuwo ba.

Abin da ke kashe allo shi ne rashin gogewa. Rubutu ya yi mako biyu, ido ya saba da shi, ya zama ado. A sa rana ɗaya ta gogewa. A ɗaure maka da igiya. In yaro ya yi kuskuren rubutu da maka marar goguwa, sifirit a auduga yana fitar da shi.

Baban Yara:
Baƙin allo da alli ya fi araha, kuma zafin bazara ba ya busar da alli yadda yake busar da maka. Guntun filawud, shafi biyu na fentin allo, shi ke nan. Inda akwai tsohuwa ko mai aiki da ba ta karatun boko, a yi da ajami ko zane. Bashi da adashe dai kada su hau allo.

Sista Nas:
Don Allah a kula da kafur. Ƙwayoyin nan farare da ake zubawa don kyankyaso kada su kusanci kayan jariri. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, kuma ba a ganewa da ido. Tururin kafur da ya kama tufafi yana iya fasa musu ƙwayoyin jini, ya jawo shawara mai tsanani. Ƙananan yara kuma suna ɗaukarsa alawa.

Hajiya Babba:
Gaskiya ne, Sista. Fumfuna kuma, iska ce maganinta. A bar tazarar yatsu uku tsakanin sif da bango, musamman bangon da ruwan sama ke duka ta waje. Kayan da aka yi wa guga a bar su su huce kafin a rufe. A watan Agusta a riƙa buɗe ƙofofin da rana, takalman fata da jakunkuna a cire su daga leda, don su ne ke fara yin fari-fari. Da hunturu kuma akasin haka, a rufe, ƙura ce abokiyar gaba. Lokaci-lokaci a haska bayan sif da tocila. Siririn layin ƙasa yana hawa bango, gara ce.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Malam, ƙofa mai turawa gefe fa? Ɗakin ƙarami ne.

Malam Kafinta:
Za ta yi, amma ki ƙara inci uku a zurfin, layin da take bi yana cin wuri. A sa mai taya a sama. Ta ƙasa ƙura tana cika ramin, ta fara cijewa.