Waken Gwari: wa ya taɓa haɗa iri biyu ya zaɓa?

Baban Halima, Kujama:
Salamu alaikum jama'a. Namu na gargajiya ƙwayarsa manya ce amma sai ya kwashe wata bakwai zuwa takwas a gona, kafin ya nuna rani ya shigo shanu sun fara leƙowa. Abokina ya ba ni wani iri mai yi a wata huɗu, na shuka su kusa da juna, ina ajiye iri daga ciki. To bana shekara ta uku, wallahi kowane gindi da halinsa, wani dogo wani gajere, wani fari wani ja. Akwai wanda ya ga haka?

Malam Sani, Giwa:
Wa alaikumus salam. Ƙudan zuma ne suka ɗaura musu aure Baban Halima, shi wannan ba kamar wakenmu ba ne, ƙwari na kwasar garin furensa daga wannan zuwa wancan sosai. Ni da hannu na yi, wani ɗalibin aikin gona a Samaru ya koya min. Ka samu furen da bai buɗe ba, ka tsaga shi a hankali ka cire 'yan zaren nan guda goma masu ɗauke da garin fure da hantsaki, ka shafa garin ɗaya irin a kai sai ka ɗaura zare don shaida. Na yi wajen hamsin, bakwai kacal suka kama, sauran duk suka zube. Shukar farko sun fito bai ɗaya gwanin sha'awa, ta biyun ce ta watse kamar taka, kuma a nan ne ake zaɓe.

Maman Sadiq, Kachia:
Kuskuren da na yi shi ne na bari aka casa duka sannan na tsinci manyan ƙwaya a tire, ashe wasu daga gindin da ko kwano bai cika ba suka fito. Yanzu tun a gona nake bi, gindin da ya yi rassa da yawa kuma ya cika da 'ya'ya sai in ɗaura masa tsumma, in girbe shi daban, kowanne da ledarsa da layinsa. Kuma don Allah maza ku riƙa ba mu muna dafawa kafin ku yanke hukunci, akwai wanda ya yi yabanya sosai amma ya cinye min itace bai yi laushi ba, na jefar da layin.

Ɗan Zariya:
Ku lura da tsutsa fa. Masu saurin nan nawa sun yi fure ana tsakiyar ruwa, tsutsa ta huda kusan komai, na gargajiyan da ya jira sanyi shi ya tsira. Su ICRISAT, wata cibiyar binciken aikin gona a Indiya, sun fitar da haɗaɗɗen iri tun 1991, amma irin wannan duk shekara sabo ake saye, ba a ajiyewa.

Baban Halima:
Na gode ƙwarai. Hajiya, layi nawa kike riƙewa yanzu?

Maman Sadiq:
Da goma sha biyu na fara, saura uku. Su ukun ma nesa da juna nake shuka su, da masara a tsakani, don zumar Malam Sani kar ta sake cakuɗa min su.