Layi a jikin naira biyu, kuskuren bugu ne ko ƙarzuwa?

Baban Hanif, Jega: Salam 'yan uwa, ina kwashe akwatin marigayi baba na iske silalla cike da gwangwanin madara, ciki har da naira biyu mai kala biyu wagga da CBN, babban bankin Najeriya, ta fitar 2007 mai hoton ginin majalisa, to akwai wani layi da ya ratsa ta tun daga baki har tsakiya, wani yaro ya ce min wai kuskuren bugu ne tana da daraja. Don Allah ya ake ganewa

Mai Agogo, Argungu: Allah ya jiƙan baba. Kafin komi kada ka wanke ta, ba toka ba lemun tsami ba omo, da ka goge ta kun gama da masu tara tsoffin kuɗi. Sa farce a hankali kan layin. In tudu ka ji to ƙarfen da ake buga ta da shi ne ya tsage, sai ƙarfen kuɗin ya cika tsagar ya taso, wannan daga masana'anta yake. In rami ne ya nutsa ciki kuma gefensa ya yi kaifi, ƙusa ce ko wani abu ya ƙarje ta a hannun mutane

Baban Hanif: Wallahi kawu saura kaɗan in sa mata toka jiya. Na taɓa, kamar tudu ne amma idona bai gani sosai

Mai Agogo: Je wajen mai gyaran agogo ko mai gyaran waya ya ara maka gilashinsa, mai ƙara girma sau 10 ya isa. Kuma ka haska tocila ta gefe ba ta sama ba, inuwa ce ke nuna maka tudu da kwari

Alhajin Kamba: Ni nan sefa ta fi yawa hannunmu. Wani ya taɓa kawo min dala ashirin ta sefa, wato silen sefa ɗari, yana murna wai an buga bayanta a kife, na ɗebo guda biyar cikin aljihu duk haka suke, kuɗin Amurka ma haka ake buga su. Kullum ka samu 'yar uwarta ta shekara ɗaya ka jera su. Wanda na yarda da shi shi ne bugun da ya goce, hoto ya karkata gefe guda ɗaya gefen fili fayau babu rubutu

Maman Ilham, Birnin Kebbi: Yaya, nawa silallan fa duk ɗigo ɗigo ne ja, wasu sun yi ƙuraje, shi ma kuskure ne?

Mai Agogo: A'a ƙanwata yawanci tsatsa ce. Kuɗin 2007 ƙarfe ne aka yi wa rufi, sa mayen ƙarfe ki ga ya kama, danshin damina na shiga ta ƙarƙashin rufin sai ya kumbura. Ki raba su da gwangwani, kowace cikin 'yar takarda wuri busasshe

Alhajin Kamba: Mai guntulen baki kuma a kai ta sikelin masu zinari a gwada da lafiyayya, sannan a duba bakin, in akwai sawun zarto ko almakashi yankan hannu ne

Baban Hanif: Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allah zan biya kasuwa wajen mai waya, in ɗauko hoto da tocila ta gefe in turo muku