Tambaya kan ilektiron na biyu na argon

Salamu alaikum malamai. Ni ɗalibin fiziks ne a Katsina, kwana huɗu ke nan wani lissafi ya cije mini.

Bayanin masanin fiziks Paul Corkum na 1993 ya ce hasken leza yakan fizge ilektiron ɗaya daga atom, ya juyo da shi ya bangaji na biyu. Na gwada lissafin da iskar argon: tsawon zangon haske nanomita 800, ƙarfin haske 10¹⁴ W/cm². Up (matsakaicin kuzarin kai-komon ilektiron a cikin hasken leza) ya fito kusan eV 6 (eV ma'aunin kuzari ne), iyakar kuzarin dawowa 3.17 Up, wato eV 19. To ai cire na biyu sai eV 27.6! Amma a gwaje-gwaje duka biyun suna fita.

Jiya an ɗauke wuta, da fitilar waya na maimaita har asuba, lambar ba ta motsa ba. Ko bangazar ɗaga ilektiron na biyun zuwa matakin kuzari na sama kawai take, leza ta ƙarasa? Yaya zan shigar da wannan a kwamfuta? Don Allah a taimaka.